Akushi Ɗaya a Ƙasar Habasha

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin wani abinci da na ci a ƙasar Habasha. Na san waɗansu za su ce, "Mutum ya tafi har birnin Adis Ababa, ya komo bai ga abin ba da labari ba sai na ciki?" To, su yi mini haƙuri su karanta har ƙarshe. Na ga dogayen benaye, na ga jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki a tsakiyar gari wanda aka buɗe a 2015, na ga zauren da shugabannin Afirka suka taru a 1963, har da namu Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma waɗannan duka kowa na iya ganinsu a hoto. Abin da ya same ni a wani ɗan gidan sayar da abinci kuwa, hoto ba ya ɗaukarsa.

A cikin watan Oktoba na 2023 ofishinmu ya aike mu wani taro na mako guda, ni da wani dattijo da na ke aiki a ƙarƙashinsa, wanda zan kira Malam kawai. Shi Musulmi ne mai tsantseni, ni kuwa Kirista ne, na yi karatu a makarantar mishan. Shekara takwas muna ofis ɗaya, yana kirana ɗansa, ina kiransa Malam, amma ban tuna ranar da muka taɓa sa hannu a ƙwarya ɗaya ba. Ba don ƙiyayya ba ne. Shi yakan ci nasa a kan tabarma bayan azahar, ni kuwa nakan ci nawa a kan tebur da cokali, yadda aka koya mana tun muna yara. Muka tashi daga Abuja, muka yi kamar awa biyar a sama, muka sauka a filin jirgi na Bole. Garin yana bisa tudu ƙwarai, ya fi mita 2,300 daga bakin teku, saboda haka da dare akwai sanyi kamar na hunturun Jos, wanda ya hau bene da sauri kuwa sai ya tsaya yana haki.

A wurin taron muka saba da wani akawu Bahabashe, tsarana ne, mai fara'a, Kirista na cocin ƙasarsu mai daɗaɗɗen asali. Ran Talata ya ce mana gobe ba zama, don haka zai zo ya ɗauke mu da ƙarfe bakwai, ya kai mu inda ya kan ci abinci a unguwarsu, mu huta da abincin masauki wanda ba na Turawa ba, ba kuma na Habasha ba. Malam ya ɗan yi shiru, don tun da muka zo bai taɓa nama ba, sai burodi da ƙwai da shayi. Bahabashen ya ce kada ya damu. Bai ƙara kome a kan wannan ba.

Ran Laraba tun ƙarfe bakwai saura muka sauko bakin ƙofa, ba mu karya kumallo ba. Bakwai ta yi, takwas ta yi, tara ta wuce, shiru. Na fara faɗin maganganu a kan mutanen da ba su san darajar lokaci ba. Malam ya ce, "Ɗana, matambayi ba ya ɓata. Je ka tambayi mai gadin can." Da na tambaye shi sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna mini agogonsa. A nawa ƙarfe goma, a nasa ƙarfe huɗu. Ashe Habashawa daga fitowar rana su ke fara ƙidayar sa'o'i. Abin da mu ke kira ƙarfe shida na safe shi ne sha biyu a wurinsu, bakwai ɗinmu ita ce ɗayarsu, bakwai ɗinsu kuwa ita ce ƙarfe ɗaya na rana. Da na yi tunani na ga lissafinsu bai rasa hujja ba, gama wa ya taɓa ganin yini ya fara da tsakar dare in ba a agogon Bature ba? Na ce mu shiga mu ci wani abu. Malam ya ce a'a, wanda aka gayyata cin abinci ba ya zuwa da cikakken ciki. Haka muka zauna.

Ƙarfe ɗaya daidai sai ga mutumin, ko minti bai ƙara ba. Muka shiga ƙaramar motar haya muka nufi wajen Markato, babbar kasuwar garin, wadda ta sami sunanta daga bakin Italiya, waɗanda suka mamaye ƙasar daga 1936 zuwa 1941. A nan akwai babban masallaci da a ke kira Anwar, kusa da shi kuma akwai cocin Raguel, har mai tsaye a ƙofar ɗaya yana hangen ɗaya. Malam ya shiga ya yi azahar, mu muka jira shi a waje. Muna tsaye na lura da rumfunan mahauta. Waɗansu an zana musu gicciye a bisa ƙofa, waɗansu kuwa jinjirin wata. Na tambayi abokinmu, ya ce a ƙasarsu ba Musulmi kaɗai ke ƙin yankan wani ba. Kiristansu ma masu riƙo ba su cin yankan Musulmi, kuma su ma ba su cin naman alade. Kowa da mahaucinsa. Har a wurin biki, in an gayyaci maƙwabta na ɗaya addinin, akan yanka musu tasu dabba dabam, a dafa a tukunya dabam. Na ji wannan, amma yunwa ta hana ni gane inda maganar ta nufa.

Daga nan muka taka da ƙafa, muka bar babban titi, muka shiga wani lungu da aka shimfiɗe da ƙananan duwatsu. Gidan abincin ba shi da allon suna. Ɗaki ne guda mai rufin kwano, da labule a ƙofa, an barbaza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ƙamshinta ya gauraya da na albasa da turaren wuta. Tebur bai fi shida ba, da gajerun kujeru, a kusurwa kuma akwai wani abin saƙa mai launi iri iri, mai tsawo kamar turmi da murfi kamar malfa, sunansa mesob, shi ne teburinsu na asali. Masu ci kuwa irin mutanenmu ne na kowace kasuwa: direbobi, 'yan dako, wani tela da awonsa a wuya, 'yan makaranta biyu. Abin da na fara lura da shi, ba wanda ke ci shi kaɗai. Uku uku, huɗu huɗu, kowane taro da faranti guda. Duk teburin da muka wuce sai a ɗago kai a ce mana "Innibla," watau "Mu ci," daidai da yadda Bahaushe ke cewa bismilla. Mai gidan abincin wata dattijuwa ce da farin mayafi na saƙi. Abokinmu ya rusuna ya gaishe ta, yana kiranta Emama, watau Inna.

A lokacin ƙarfe uku ta kusa. Na riga na karanta labarin doro wat, miyar kaza da dafaffen ƙwai wadda a ke yi da man shanu da albasa mai yawa, da tibs, watau soyayyen nama, da kitfo na mutanen Gurage, nama ne da a ke niƙawa a ci shi ɗanye ko rabin dahuwa da man shanu da yaji mai zafi. Don in nuna ni ma na san wani abu, sai na ce a kawo mini doro wat. Dattijuwa ta dubi abokinmu, abokinmu ya dube ni, ya ce, "Yau Laraba ce." Ya bayyana mana cewa a cocinsu kowace Laraba da Jumma'a ranar azumi ce, ban da 'yan makonni na bayan Ista, ga kuma babban azumi na kwana 55 kafin Ista, da waɗansu a cikin shekara. A ranar azumi ba a cin nama, ba madara, ba man shanu, ba ƙwai, masu tsanantawa kuma ba su sa kome a baki sai ƙarfe uku na yamma. Suna kiran azumi tsom. Malam da ya ji kalmar ya ce, "Af, ai saumu ke nan na Larabci." A gidan Emama ranar nan ko ƙashi babu.

Ba na ɓoye muku, raina ya ɓaci. Na ce a zuci, mutum ya yini da yunwa, sa'an nan a kawo shi cin ganye?

Wata yarinya ta zo da buta da tasa da sabulu, ta fara zuba wa Malam, don shi ne babba, sa'an nan mu. Aka kawo faranti guda mai faɗi kamar babban faifai, an shimfiɗa masa wani abu mai launin toka, mai laushi, mai ƙananan ramuka a fuskarsa kamar saƙar zuma. Na ɗauka ƙyalle ne aka shimfiɗa. Shi ne injera, tuwon ƙasar. Da wata ƙwaya a ke yinsa mai suna tef, wadda ta fi accar mutanen Jos ƙanƙanta, har ƙwaya dubu ba su kai rabin giram ba. Akwai fara, ita ce mai tsada, akwai ja, akwai gauraye. A niƙa ta, a kwaɓa da ruwa, a zuba mata ruwan tsamin kwaɓin baya, wanda su ke kira ersho, a rufe a bar ta kwana biyu ko uku ta yi tsami. Sa'an nan a tsiyaya ƙullun a kan mitad, wani faffaɗan kasko na yumɓu, ana zagayawa daga baki zuwa tsakiya, a rufe da murfi. Ba a juya shi. Ramukan nan na sama su ke kira idanu, da su kuma a ke gane gwanar tuya, don injerar da ba ta da ido abin kunya ce ga mace. Wanda ya san sinasir ɗinmu, ko kisrar mutanen Sudan, ya sami kusa da ita, sai dai ta fi su faɗi da tsami, tana kuma naɗuwa kamar tabarma ba ta karye ba.

A bisa wannan shimfiɗa dattijuwa da kanta ta riƙa ɗiba da ludayi tana ajiye miya iri iri, tuli tuli, a kewaye. Wannan haɗi sunansa beyainetu, watau kowane iri da kaɗan. Akwai jar miyar adas mai yaji, sunanta misir wat. Akwai rawaya ta fasasshen wake da gangamau, ba ta da zafi, ita ce kik alica. Akwai gomen, ganye ne mai kauri dangin kabeji. Akwai kabeji da dankalin Turawa da karas, da wata jar saiwa mai zaƙi, da tumatir da albasa da ɗanyen tattasai. A tsakiya kuma ta juye shiro yana tafasa daga 'yar tukunyar ƙasa. Shiro garin wani irin wake ne da aka niƙa da kayan yaji, a dama shi da albasa da mai har ya yi kauri kamar miyar kuka. Shi ne abincin talaka a ƙasar, amma ban ci abin da ya fi shi daɗi ba a makon nan duka. Jan launin da zafin miyarsu daga barbare ya ke, yajinsu ke nan: barkono, da tafarnuwa, da citta, da hulba, da waɗansu ƙamsassa masu yawa, kowace mace da nata haɗi, kamar yadda matanmu ke da nasu sirri a yajin daddawa.

Sai na dubi hagu, na dubi dama, ban ga cokali ba. Na kira yarinyar na ce ta kawo mini cokali da ƙaramin faranti in ɗebi nawa. Ta tsaya tana kallona. Abokinmu ya sunkuyar da kai. Malam ya ce mini da Hausa, a hankali, "Ɗana, gidan ubanka da cokali a ke cin tuwo?" Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiya ce ya faɗa. Kakata da hannu ta ciyar da ni, mu bakwai a akushi guda. A makaranta ne aka jera mu a dogon benci, kowa da kwanonsa da lambarsa, aka ce cin hannu ƙauyanci ne, ni kuwa na riƙe wannan fiye da yadda na riƙe lissafi. Na ce wa yarinyar ta bar shi.

Injera ita ce faranti, ita ce cokali, ita ce kuma tuwon. Da hannun dama za ka yagi kaɗan, ka kifa a kan miya, ka tattaro da 'yan yatsu, ka naɗe, ka kai baki. Gwani ba ya ɓata yatsunsa, kuma a wurinsu lasar yatsa a gaban mutane ba ladabi ba ne. Ni dai lomata ta fari rabinta a kan wandona ta ƙare. Tsamin ya fara dakan haƙorana, amma da ya gamu da zafin barbare sai kowanne ya kwantar da ɗan'uwansa, kamar yadda tsamiya ke yi wa kunu.

Malam ya tambaya sau biyu ko akwai man dabba ko romo a ciki. Dattijuwa da aka fassara mata sai ta kama baki, ta ce a ranar azumi? Tukwanen azumi ma dabam ta ke ajiye su. Sa'an nan Malam ya yi bismilla, abokinmu ya yi alamar gicciye, ni ma na yi addu'ata, hannu uku suka shiga faranti guda. Muna cikin ci abokinmu ya ce da Malam, "Tun ran Litinin na ga ba ka cin nama. In na kawo ku ran Talata ko Alhamis, dole in kai ka gidan Musulmi, ni kuwa in zauna ina kallonka, ko in kawo ka nan kai ka zauna kana kallona. Shi ya sa na jira Laraba." Sai a lokacin na gane zancen mahautan nan. Ni da na ke ganin an rage mini da rashin kaza, ashe mutumin kwana biyu ya yi yana lissafin yadda zai tara mu a akushi guda. Tun safe kuma shi ma bai sa kome a bakinsa ba.

Malam ya ajiye hannu, ya ce a gaya wa dattijuwa da mutanen ɗakin cewa mutanenmu sun san sunan Habasha tun kafin su san sunan Ingila, don kowane almajiri ya ji labarin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, wanda ya ba sahabbai mafaka sa'ad da suka yi hijira daga Makka wajen shekara ta 615, ya kuma ƙi ba da su ga masu nemansu. Da aka fassara, tela mai awo a wuya, wanda ashe Musulmi ne, ya taso ya ba Malam hannu.

Saura abu guda wanda ya fi cokali wuya. Abokinmu ya yagi injera babba, ya tattara shiro da adas da ganye, ya naɗe loma wadda ta kusa ƙwan agwagwa, ya miƙo ta, ba ga hannun Malam ba, ga bakinsa. Wannan su ke kira gursha, alama ce ta girmamawa da ƙauna, ƙin karɓa kuwa cin fuska ne. Ku masu karatu kun sani, a wurinmu ba a ba namiji baligi abinci a baki sai in ciwo ya kwantar da shi. Na zuba ido in ga abin da dattijo mai furfura zai yi a gaban 'yan dako. Ya yi jim kaɗan, ya gyara hularsa, ya buɗe baki ya karɓa. Ɗakin ya ɗauki sowa. Aka maimaita masa, don ba a yin ta sau ɗaya a tsaya. Aka juyo kaina, na karɓa, barkono ya hau mini ka, hawaye na zuba, ana ta dariya. Sa'an nan Malam, ba wanda ya sa shi, ya naɗa tasa lomar, karkatacciya, miya na ɗiga, ya ba Bahabashen. Ya naɗa ta biyu ya miƙo mini, ya ce, "Ungo, ɗana, kada a ce na yi sonkai." Na karɓa daga hannunsa.

Ƙarshen ci shi ne injerar ƙasa, wadda ta sha miya tun farko. Ita ce mafi daɗi, kamar ƙanzon tukunya, a kanta ma muka ɗan yi rige rige.

Da aka wanke hannu, dattijuwa ta ce baƙi daga nesa ba su tafiya ba su sha buna ba, watau gahawa, wadda asalin itacenta daga dazuzzukan kudu maso yammacin ƙasarsu ya ke, wajen Kaffa. Yarinyar ta zauna a gajeriyar kujera, ta wanke ɗanyun 'ya'yan gahawa, ta soya su a kan gawayi har suka yi baƙi, ta zagayo da kaskon kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa. Ta daka a ɗan turmi, ta zuba a jabana, wata baƙar butar yumɓu mai dogon wuya, ta ɗora a wuta, ta sa lubban a garwashi, ta kawo gugguru a faifai. Ta tsiyaya daga sama cikin 'yan finjalai marasa mariƙi. Sau uku a ke sha daga ɗibi guda: na fari abol, mai ƙarfi, na biyu tona, na uku baraka. Wannan na ukun bai bukaci tafinta ba. Mun fi awa guda a kan gahawar nan, ba wanda ya dubi agogo, ko nasu ko namu.

Wajen biya aka yi 'yar kokawa. Na zaro kuɗinsu, wanda a ke kira bir, abokinmu ya riƙe mini hannu, ya ce in na biya a unguwarsu ba zai ƙara iya shiga gidan Emama ba. Abin da aka biya mana mu uku, har da gahawa, bai kai kuɗin karin kumallon mutum ɗaya a masaukinmu ba. Da ya ke ni akawu ne, na roƙa a rubuta mini 'yar takarda in ajiye. Yarinyar ta rubuta, na duba na ga shekara 2016. Na buɗe baki zan ce ta yi kuskure, sai na tuna da mai gadi, na yi shiru. Daga baya na tambaya, aka ce shekararsu wata 13 ce, 12 masu kwana 30 da ɗan ƙarami mai kwana 5 ko 6, tana kamawa a cikin Satumba, tana kuma bayan tamu da shekara 7 ko 8. Takardar tana nan a cikin akwatina.

Da za mu fita dattijuwa ta ƙulla wa Malam barbare a takarda, ta ce ya kai wa uwargida. Shi kuwa ya laluba aljihu ya ba ta goro biyu da ya zo da su daga gida. Ta juya su, ta sansana, ta tambayi yadda a ke dafawa.

Tun da muka komo, ran Laraba Malam yakan aiko yaro ya kira ni bayan azahar, in naɗe hannun riga in sauka tabarma. Barbaren ya ƙare tun tuni, amma tuwon gidansa da miyar kuka ba su da laifi. Matata kuwa ta gwada yin injera sau biyu da garin acca, ta bar ƙullun kwana uku. Tsami ya yi, sai dai idanu ba su fito ba, kuma tana karyewa wajen naɗi. Saboda haka ina roƙon masu karatu na wajen Jos da Kafanchan, inda acca ta ke da yawa, ko 'yan'uwanmu mazauna Sudan da suka saba da kisra, in akwai wanda ya san abin da za a ƙara wa ƙullun, ya taimaka ya rubuto wa Edita.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.